Yadda ake bin tarihin Final Fantasy daga tushe

Mai son sanin tarihin jerin wasannin bidiyo na Final Fantasy ya fara da wasan farko, wanda kamfanin Square ya fitar a Japan a 1987, ya lura da yadda mayaƙa huɗu suke jeruwa a gefe guda suna kai hari bi da bi. Daga nan ya tsallaka zuwa na huɗu, na 1991, inda abokan gaba suka daina jiran ɗan wasa ya gama tunani. A kula da lambobi, domin a Amurka an fara sayar da na huɗu da sunan na biyu, na shida kuma da sunan na uku. A ganina na shida ya cancanci a daɗe a kansa kafin a shiga na bakwai, wanda ya fito a na'urar wasa ta PlayStation a 1997.