Kurakuran da aka fi yi wajen rage hasken kwan lantarki da Arduino

Matasa da dama a unguwannin Nima da Maamobi na Accra sun rungumi aiki da Arduino da ESP32, wato ƙananan allunan lantarki da ake rubuta musu manhaja don sarrafa na'urori, kuma abin da ya fi jan hankalinsu shi ne rage hasken ɗaki ko ƙara shi daga wayar hannu. Yawancin matsalolin da suke gamuwa da su tushensu ɗaya ne, wato ɗaukar wutar gida tamkar wutar batir.

Wutar da ECG, kamfanin wutar lantarki na Gana, ke kawowa mai ƙarfin bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, don haka takan ratsa sifili sau 100. Tirayak irin BT136, wato makunnin lantarki da ke buɗe wa kwan wutar gida, da zarar an kunna shi, ba ya mutuwa sai wutar ta sake sauka kan sifili. Shi ya sa wanda ya aika masa da PWM (kunnawa da kashewa cikin sauri sosai) kai tsaye, kamar yadda ake yi wa ƙaramar fitilar LED, yakan ga kwan yana ƙyaftawa ko yana ci da cikakken haske. Gyaran shi ne a gano lokacin ratsa sifili da H11AA1, wata 'yar na'ura mai sanar da Arduino ta hanyar haske, a jinkirta kaɗan, sannan a kunna tirayak; tsawon jinkirin ne ke yanke yawan hasken.

A nan ne kuskure na biyu ke shigowa, kuma shi ya fi ba ni takaici domin yana da wuyar ganewa. Manhajojin da ake kwafowa daga intanet da yawa an rubuta su ne don wutar Amurka mai zagaye 60, inda rabin zagaye yake ɗaukar milisakan 8.3, alhali a Gana milisakan 10 ne. Sai a canja lissafin, ko kuma, abin da ya fi, a sa na'urar ta auna tazarar da kanta, tunda a ranakun dumsor, wato ɗauke wuta, ƙaramin janareta ba ya tsayawa a kan zagaye 50 daidai.

In za a sayi kaya a Zongo Lane da ke Accra, a karanta da kyau lambar 'yar na'urar da ke kunna tirayak daga Arduino. MOC3041 yana jiran sifili da kansa, saboda haka kunnawa da kashewa kawai yake iya yi. MOC3021 ko MOC3052 ake bukata. Haka kuma kwan LED da ba a ƙera shi don rage haske ba yakan yi ta rawa, ko da haɗin ya yi daidai.

Batun rai kuwa bai kamata a yi masa sakaci ba. Ƙarfen bayan BT136 yana ɗauke da wuta, kuma duk abin sanyayawa da aka ɗaura masa zai ɗauka. Kada waya ko ɗaya ta haɗa ɓangaren wutar gida da na Arduino, musamman idan kebul ɗin USB yana jone da kwamfuta. A sa fiyus a layin da ke da wuta, a rufe allon cikin akwatin roba, kuma a zare filogi daga bango kafin hannu ya taɓa komai.