Yadda za ka haɗa takardar tambayoyi ta masu ciwon kunne

In kana shirin bincike a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ko a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko wani asibitin cikin Zariya, kar ka fara da sauke fom ɗin turawa daga intanet. Ɗauki biro da littafi ka zauna a layin marasa lafiya, ka saurari mutum 15 ko 20 kana rubuta maganarsu yadda ta fito. Wani zai ce kunnensa na ƙugi kamar injin niƙa, wata ta ce kunnen yaronta na ruwa har ya ɓata filo, wani kuma jiri ke ɗibarsa in ya ɗago daga sujada. Da waɗannan kalmomin za ka gina tambayoyinka.

Kowace tambaya matsala ɗaya, kar ka ce "kana jin zafi da ƙaiƙayi?" don mai ƙaiƙayi kaɗai bai san me zai amsa ba. Sannan ka ɗaura ta a kan rayuwar mutum: kina jin kiran sallar asuba daga ɗaki? Kana gane huɗuba in kana sahun baya? A kasuwar Sabon Gari sai an maimaita maka farashi? Warin mugunya na hana ki zuwa biki? Wannan ta ƙarshen fa mata ba sa faɗa sai an tambaya, kuma ba a gaban jama'a ba.

Batun zaɓi daga 1 zuwa 10 kam manta da shi, tsoho zai ce maka "to Alhamdulillahi" kawai. Amsa uku ta isa. Takardar THI (Tinnitus Handicap Inventory) ta auna yadda ƙugin kunne ke damun mutum da aka fitar a 1996 tambaya 25 ce, eh maki 4, wani lokaci 2, a'a 0, jimla 100, ga sauƙin lissafi. Ka kuma sa iyaka, misali "cikin sati biyun nan".

In ka fassaro wata daga Turanci, ba wa wanda bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita Turanci, nan za ka ga inda ma'ana ta zame. Gwada ta a kan mutane kaɗan, bayan sati biyu ka sake tambayar waɗanda ba a canza musu magani ba, in amsa ta yi tsalle to tambayar ce ba ta zauna ba.

Nemi izinin kwamitin ɗa'a na asibitin tun kafin ka fara. Wanda bai karanta boko a karanta masa, kana fuskantarsa ya ga bakinka, kuma ka roƙi ɗan rakiya ya yi haƙuri kar ya amsa masa.