Yadda nake koya wa yara tarihin Bishop Crowther

Idan za ka ba yaran makarantar Lahadi labarin Samuel Ajayi Crowther, kada ka fara da rigar bishop. Fara da yaro ɗan shekara goma sha biyu da aka kama a garin Osogun, ƙasar Yarabawa, a 1821. Ni nakan tsayar da wani sa'ansa a gaban aji in ce su dube shi. Nan take surutu yake ɗaukewa.

Sai ka shimfiɗa taswira. Nuna musu Legas inda aka loda shi a jirgin bayi, da Saliyo inda sojojin ruwan Ingila suka sauke shi a 1822 bayan sun 'yanto shi daga jirgin. Bi da yatsa har Lokoja, domin ya hau Kogin Kwara a 1841 tare da Schön, Bajamushen da ya yi aikin ƙamus na Hausa. Wannan wurin yana faranta wa yaranmu rai.

Ka daɗe a kan haɗuwarsa da mahaifiyarsa a Abeokuta a 1846, bayan rabuwar shekara ashirin da biyar. Har yau muryata takan yi rawa a nan.

Naɗinsa a Canterbury, ƙasar Ingila, a 1864, baƙar fata na farko da ya zama bishop na Angilikan, jimla biyu ta isa. Amma kada ka ɓoye musu yadda wasu matasan mishan Turawa suka wulaƙanta shi da tsufansa, kafin ya rasu a Legas a 1891.