Darasi na 9: Daga Lambu Zuwa Kanti

Tun kafin gari ya waye motoci ke sauke kayan gwari a kasuwar 'Yankaba da ke Kano. Tumatir da yawa daga Kadawa da Kura da Bunkure yake zuwa, inda ruwan dam ɗin Tiga ke shayar da gonaki da rani. Mai babbar gona mota yake cikawa. Mai ɗan lambu kuwa kwando biyu ne nasa, sai damin alayyafo da latas. Kafin kayansa su shiga tukunya dillali ya ci la'ada, mai mota da ɗan dako sun karɓi nasu, mai kasawa a bakin titi ya ɗora riba. Shi ya sa manomi ke kukan araha, uwargida na kukan tsada, alhali tumatir ɗin ɗaya ne.

Akwai wata hanya. Kantin rangwame shi ne wanda ke cin riba kaɗan don kaya su yi ta fita. Mai irin wannan kanti yana son ɗanyen kaya kullum, kuma ba mota guda yake nema ba. Abin da ƙaramin lambu ke bayarwa ya ishe shi.

Ɗauki fensir mu yi lissafi. Kuɗin nan misali ne, kai ka sa na yau. A ce an sallama kwandonka naira 10,000 a kasuwa. La'ada 500, mota 1,000, dako 300. Saura 8,200. A ce mai kanti ya taya 9,500, ka kai masa a adaidaita sahu a kan 600. Saura 8,900. Kuɗin da aka taya ya fi ƙanƙanta, amma wanda ya shiga aljihu ya fi yawa.

Sai dai kada ka yi saurin murna. Mai kanti yana zaɓe, ba ya karɓar mai tabo ko wanda ya fashe. Wani kuma sai ƙarshen mako yake biya. Babbar rigima ita ce abin da ya kwana bai fita ba. Latas ba ya jure zafin Kano, wanda aka tsinka da safe kafin la'asar ya yi yaushi. To, asarar wa ce? Saurari yadda wani mai lambu ya yi:

"Alhaji, idan kaya suka kwana, a wuyan wa suke?"

"Malam, ai ma daidaita."

"Allah ya ƙara arziki, Alhaji, gara mu daidaita yanzu. Ga takarda."

Mutumin nan bai yi rashin kunya ba. A ganina wannan ce babbar ranar karatun da kake yi. A rubuta irin kaya, da yawansu, da kuɗi, da ranar biya, da wanda zai ɗauki asarar ruɓa. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe tasa.

Kada ka yanke farashi ɗaya na shekara. Tumatir yana araha da rani, ya yi tsada da damina. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano, kuɗinsa ya ninninka. Wanda ya ɗaure kansa da tsohon farashi a irin wannan shekara ya sha wuya. Ku riƙa sabunta magana duk mako.

Ka tsinki kaya da sanyin safiya, ka ajiye a inuwa. Idan da hali ka zuba tumatir a kwandon roba mai ɓuli-ɓuli, domin a kwandon gargajiya na ƙasa yakan matse. Ganye kuwa a wanke da ruwan rijiya ko na famfo. Ruwan kogin Jakara dattin gari ya kwaso, kuma latas ɗanye ake ci.

Aikin gida: ka rubuta kalmomin nan sau uku-uku: la'ada, dako, riba, asara. Sannan ka tambayi kuɗin kwando a 'Yankaba wannan makon, ka sake lissafin da shi, ka kawo wa malami ranar aji.