Yadda Ake Neman Tallafin Gidaje da Raya Gari ga Ƙabilun Asali na Amurka

A Amurka akwai ƙabilun 'yan asalin ƙasa sama da 570 waɗanda gwamnatin tarayya ta amince da su a matsayin al'ummomi masu mulkin kansu, tun daga Navajo mai faffaɗar ƙasa a jihohin Arizona da New Mexico da Utah har zuwa ƙananan ƙauyukan Alaska da babu hanyar mota zuwa cikinsu. Wani bincike da Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane, wato HUD, ta fitar a 2017 ya kiyasta cewa yankunan waɗannan ƙabilu na bukatar gidaje kusan 68,000 domin rage cunkoso da kuma maye gurbin waɗanda suka lalace. Duk wanda aka ɗora wa alhakin nemo kuɗin wannan aiki ya kamata ya san cewa rubuta takardar nema shi ne ƙaramin ɓangaren aikin, domin abin da ke kayar da masu nema yawanci yana faruwa ne tun kafin a zauna rubutu.

Abu na farko shi ne a bambance kuɗin da ake rabawa da kuɗin da ake takara a kansa. Dokar gidajen 'yan asali ta 1996, wadda ake kira NAHASDA, ta haɗe tsofaffin shirye-shiryen gidaje wuri guda ta samar da tallafin gidaje na ƙabilu mai suna IHBG, wanda ake raba wa ƙabilu kowace shekara bisa wani lissafi da ke duba girman bukata da kuma yawan tsofaffin gidajen da ƙabilar ke ci gaba da kula da su. Wannan kuɗi ba a yin gasa a kansa, amma ba ya zuwa sai an miƙa shirin gidaje na shekara aƙalla kwana 75 kafin shekarar aikin ta fara, sannan a kawo rahoton abin da aka aiwatar cikin kwana 90 bayan ta ƙare. Majalisar ƙabila tana iya karɓar kuɗin da kanta, tana kuma iya naɗa hukumar gidaje ta karɓa a madadinta. Shi kuwa tallafin raya gari mai suna ICDBG, wanda ya samo tushe daga dokar gidaje da raya al'umma ta 1974, takara ake yi a kansa, kuma shi ake nema idan ana son gyaran gidaje, ko shimfiɗa bututun ruwa, ko hanya, ko asibitin sha-ka-tafi, ko ɗakin taron jama'a. Aƙalla kashi 70 cikin 100 na kuɗin dole ne ya amfani masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma ba a gina ofishin gudanar da mulki da shi. Akwai kuma wani kaso da ake warewa domin barazanar gaggawa ga lafiya ko rayuwar jama'a, wanda ba ya jiran lokacin takara.

Bayan an tantance ƙofar da za a bi, sai a duba rajista. Ba a karɓar takardar nema daga wanda ba shi da rajista mai rai a SAM.gov, shafin rajistar masu mu'amalar kuɗi da gwamnatin tarayya, inda ake ba da lambar shaida ta UEI wadda ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS a watan Afrilu na 2022. Rajistar tana mutuwa duk shekara idan ba a sabunta ta ba, sabuntawar kuma kan ɗauki makonni idan sunan hukuma ko adireshinta bai yi daidai da abin da ke cikin takardun haraji ba. Sai kuma a tabbatar cewa mutumin da ke da izinin tura takarda ta Grants.gov, shafin da ake miƙa takardun neman tallafin gwamnati, yana nan a bakin aiki, domin a ƙaramin ofis mai ma'aikata uku ko huɗu, tafiyar mutum ɗaya da kalmar sirri a kansa ta isa ta jawo asarar shekara guda.

Batun fili shi ne wurin da ya fi dacewa a daɗe ana tunani. Mafi yawan ƙasar ƙabilu gwamnatin tarayya ce ke riƙe da ita a matsayin amana, don haka ba a sayar da ita, ba a kuma jinginar da ita kamar sauran filaye. Wanda zai gina gida a kanta hayar filin yake karɓa na dogon lokaci, kuma kafin haka sai an nemo rahoton matsayin mallaka daga Hukumar Kula da Harkokin 'Yan Asali, wato BIA, abin da kan ci watanni. Lamarin ya fi tsanani a filayen da aka yanka wa ɗaiɗaikun mutane ƙarƙashin dokar Dawes ta 1887, domin gado ya bi ta kansu zuriya bayan zuriya har ta kai fili ɗaya yana da masu haƙƙi da dama, wani lokaci ɗaruruwa, kuma sai an sami amincewar isassu daga cikinsu kafin a kafa tubali. Dokar HEARTH ta 2012 ta sauƙaƙa wani abu, saboda ƙabilar da aka amince da ƙa'idojin hayarta tana iya ba da hayar ƙasarta ba tare da komawa BIA a kan kowane fili ba, sai dai dokar ba ta shafi filayen ɗaiɗaikun mutane ba. A ganina, ofishin da bai warware maganar fili ba gara ya nemi kuɗin gyaran gidajen da ke tsaye a wannan shekara, ya bar sabon gini zuwa baɗi.

Idan sanarwar takara ta fito, a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe ko da an nema a bara, domin iyakar kuɗin da za a iya nema da yadda ake raba maki suna canzawa. Masu tantancewa suna duba ƙwarewar ofishin da ya nema, da girman bukata, da ingancin tsarin aiki, da kuɗin da aka samo daga wasu wurare domin a haɗa, da kuma yadda aikin ya dace da sauran tsare-tsaren al'umma. A wurin bayyana bukata, lissafi ya fi kuka tasiri. Maimakon a ce jama'a na cikin wahala, a faɗi yawan iyalan da ke jerin jiran gida, da gidaje nawa ne ba su da famfo, da tsawon hanyar da magidanci ke bi da tankin ruwa a bayan a-kori-kura, kamar yadda iyalai da yawa ke yi a ƙasar Navajo. Kasafin kuɗi kuma ya fito da ainihin farashin wurin. A ƙauyukan yammacin Alaska katako da kwanon rufi a jirgin ruwan dako suke zuwa cikin 'yan watannin da ƙanƙara ta narke, kuma wanda ya rasa jirgin ƙarshe sai ya jira wata shekara ko ya biya kuɗin jirgin sama, saboda haka jadawalin aiki da bai ambaci wannan ba yana nuna cewa marubucinsa bai san wurin ba. Dole ne kuma a yi taron jin ra'ayin jama'a kafin a tura takarda, a ajiye shaidar cewa an yi shi, tare da ƙudurin majalisar ƙabila inda ake bukatarsa. Gara a tura da sauran kwana biyu ko uku, domin shafin kan dawo da takarda saboda kuskure ƙarami, kuma agogon gabashin Amurka ake bi wajen rufewa.

Samun wasiƙar nasara ba izinin fara tono ba ne. Sai an kammala binciken tasirin aikin ga muhalli, wanda ya haɗa da duba hatsarin ambaliya da wuraren tarihi da makabartu, kuma a yawancin ayyukan gini sai HUD ta saki kuɗin a rubuce. Wanda ya sa hannu a kwangilar gini ko ya sayi fili kafin wannan mataki, ko da da kuɗin aljihun ƙabila ne, yana iya rasa tallafin aikin gaba ɗaya. Wajen ba da kwangila da ɗaukar ma'aikata, doka ta ce a fifita 'yan asali da kamfanoninsu gwargwadon iko, kuma a gidajen haya na IHBG ba a karɓar abin da ya wuce kashi 30 cikin 100 na kuɗin shigar iyali mai ƙaramin ƙarfi bayan an cire abubuwan da doka ta yarda a cire.

Daga nan sai ajiyar takardu: kowane rasit, kowace takardar albashin lebura, da kowane hoton aiki kafin a fara da bayan an gama. Rahoton binciken kuɗi da aka makara wajen miƙawa, ko wata matsala da masu bincike suka gano aka bar ta ba gyara, yana rage maki a takara ta gaba. Ofisoshin shiyya shida na sashen HUD mai kula da 'yan asali, waɗanda ke Chicago da Oklahoma City da Denver da Phoenix da Seattle da Anchorage, suna da jami'an da ke bin kowace ƙabila, kuma wanda bai yi nasara ba yana da damar neman a yi masa bayanin inda ya rasa maki, muddin ya rubuta cikin wa'adin da sanarwar ta ƙayyade.