Yadda Ake Yin Digirin LL.M. Kan Dokokin Amurka Ta Intanet

Kafin ka biya ko sisi, ka san abin da za ka yi da takardar LL.M., wato digiri na biyu a fannin shari'a, domin a nan ne ake yawan yin asara. Idan burinka ka zauna jarrabawar zama lauya a New York, digirin intanet ba zai kai ka ba, saboda doka ta 520.6 ta kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ba ta lissafa darussan da aka yi daga nesa. A California kuwa, lauyan da aka riga aka rantsar a ƙasarsa yana iya neman zama jarrabawar ko ba shi da LL.M. Haka kuma karatun intanet ba ya ba da bizar ɗalibi ta F-1. Wanda digirin ya fi yi wa amfani shi ne lauyan da yake zaune a gida yana duba kwangiloli da kamfanonin Amurka, ko malamin jami'a.

Daga nan sai zaɓen makaranta. LL.M. na masu digirin shari'a ne. Wanda ba lauya ba, sai ya nemi MLS, wato digiri na biyu kan shari'a na waɗanda ba lauyoyi ba, kuma wannan ba ya ba da izinin tsayawa a kotu. Jami'ar Kudancin California da Jami'ar Washington da ke St. Louis duk suna koyar da LL.M. ta intanet. Ka tabbatar makarantar tana cikin jerin ƙungiyar lauyoyin Amurka, wato ABA, amma ka sani ABA digirin J.D., wato digirin farko na zama lauya a Amurka, take tantancewa, ba LL.M. ɗin kansa ba.

Haɗa takardu ya fi komai cin lokaci. Makarantu da dama suna karɓa ta hannun LSAC, hukumar da ke tattara takardun masu neman shiga makarantun shari'a, kuma jami'arka ce za ta aika musu da sakamakonka kai tsaye, ba kai ba. Fara bibiyar ofishin rajistara watanni kafin a rufe karɓar takardu. Duba sunanka harafi bayan harafi: Mohammed a fasfo, Muhammad a takardar jami'a, ya isa ya tsayar da fayil. Wanda ya yi karatu da Faransanci a Yamai sai ya haɗa da fassarar Ingilishi da sakamakon jarrabawar Ingilishi ta TOEFL ko IELTS. Ɗan Najeriya ya rubuta ya nemi a ɗauke masa wannan jarrabawa, sau da yawa ana yarda. Sai wasiƙun shaida biyu da bayanin dalilin neman karatun.

Yawanci kiredit 24 ne, wato ma'aunin yawan darussa, ana gamawa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. A kan kowane kiredit ake cajin kuɗi, don haka ka ninka da kanka, sannan ka nemi tallafi tun kafin ka amsa tayin.

Kada ka raina bambancin lokaci. Darasin ƙarfe 6 na yamma a Los Angeles ƙarfe 2 ko 3 na dare ne a Kano, gwargwadon lokacin shekara. Tambayi ko halartar darasi kai tsaye dole ne ko ana iya kallon wanda aka naɗa, ka kuma tanadi inbata da layin data na biyu don ranar jarrabawa. A makon farko ka koyi bincike a Westlaw da Lexis, wato rumbunan dokoki da hukunce-hukunce na intanet, da taƙaita hukuncin kotu a shafi ɗaya, domin malaman can sun fi ba da maki a kan yadda ka ɗora doka bisa hujjojin ƙara, fiye da abin da ka haddace.