Kafin ka kira yaro daƙiƙi: kurakuran da muke ta maimaitawa a Zango

Shekara 19 ke nan ina koyarwa a firamare a nan unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, kuma wallahi na gaji da ganin sababbin malamai suna faɗawa ramin da na faɗa. Iyaye ma ba a bar su a baya ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne yanke wa yaro hukunci ba a duba idonsa da kunnensa ba. A shekarata ta biyu da fara aiki, akwai wani yaro a aji uku da ke zama can baya, jikin taga. In na kira shi sai na kira sau uku. In aka yi shifta, sai ya rubuta kan kalma ya bar wutsiyarta. Na ce taurin kai ne. Na zane shi, ba sau ɗaya ba, kuma da hannuna na rubuta cewa ya maimaita aji. Sai wata safiya kakarsa ta zo ta ce, "Malam, yaron nan fa tun yana goye kunnensa ke zubar da ruwa." Na ɗaga hularsa, sai ga auduga a cushe, ta yi rawaya. Da aka auna jinsa a asibitin Komfo Anokye, kunnen dama kusan ba ya aiki, na hagu ma ya ragu. Ciwon da ke tara ruwa a bayan dodon kunne sautuka marasa ƙarfi yake fara haɗiyewa, irin su s da f da t, kuma ƙarshen kalmomin Turanci cike yake da su. Yaron abin da ya ji yake rubutawa! Shekara guda na ci masa, har yau abin bai bar ni ba.

Tun daga nan, makon farko na kowane zangon karatu sai in tsaya bayan kowane yaro in yi masa raɗa, in sa shi ya rufe ido ɗaya ya karanta allo daga bayan aji. Wannan ba aikin likita ba ne, amma yana nuna mini wanda zan tura asibiti. Ina kuma tambayar uwa: yana da sikila? Zazzaɓi na yawan kwantar da shi? Ya karya kafin ya fito?

Na biyu, gwada ƙwaƙwalwar yaro da harshen da bai gama zama a bakinsa ba. Haba jama'a! Ɗan Zango Hausa yake yi a gida, Twi a titi, Larabci a makarantar allo, Turanci a aji. Harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantun Ghana, babu Hausa a ciki. Shi kuwa WISC, gwajin auna basirar yara da ake yawan amfani da shi, David Wechsler ne ya fitar da shi a Amurka a 1949, kuma ko sababbin bugunsa da yaran wasu ƙasashe ake kwatanta makin. Ƙanwata ta kai 'yarta mai shekara takwas wani wuri mai zaman kansa, ta biya kuɗin da ta tara na adashe. Aka yi wa yarinyar tambayoyi da Turanci zalla, aka miƙo takarda wai basirarta ƙasa take. Uwar ta kwana tana kuka. Yarinyar nan fa ita ke ba da canji a teburin uwarta a kasuwar Asawase, ba ta taɓa ɓatar da ko sidi ɗaya ba, ga izu biyar a kanta.

Malaminta na allo ne ya buɗe mana ido. Ya ce hadda in an biya mata sau biyu ta ɗauke, amma babbaƙu da farfaru sun gagare ta, ba ta iya haɗa baƙi da wasali. Wato matsalar tana nan a rubutun Larabci, tana nan a boko. Da muka samu mai gwajin da ya fara da tambayar harsunanta, ya ce disleksiya ce: wahalar haɗa sauti da harafi, ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Yanzu duk wanda ya nemi shawarata, nakan ce kada ya biya ko kwabo sai ya tambaya da wane harshe za a yi gwajin, ya tafi da littattafan aikin yaro, ya kuma ji ta bakin malamin allo tukuna.

Sauran kurakuran a gurguje. Yaro ɗan shekara shida ya juya b da d, ba abin tashin hankali ba ne, yawancinsu suna dainawa. A yi addu'a, a sha rubutu, amma kada a ce sammu ne a zauna. Kada a kai yaro gwaji da yunwa. Kada a ninke rahoton a jefa ƙasan akwati, malamin aji ne zai yi aiki da shi. Maimaita aji da salon koyarwa iri ɗaya ɓata shekara ne. Masu jira sai BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ta ƙarato kuwa, me kuke so a gyara cikin wata uku?

Kuma ku daina bari ana koro muku yara. Dokar masu buƙata ta musamman ta 2006, mai lamba 715, ta hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda nakasa, sai in gwaji ya nuna makaranta ta musamman yake buƙata, kuma manufar ilimin bai-ɗaya ta 2015, wato a koyar da masu nakasa tare da sauran yara, ta ƙarfafa hakan. Ku je ofishin ilimi na gundumarku ku nemi jami'in ilimi na musamman. 'Yan Akra kuna da cibiyar gwaji ta ƙasa a Achimota.

Yaron nan na aji uku bai wuce aji shida ba. Yana walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, yanzu, da 'ya'yansa biyu. In mun haɗu a masallacin Juma'a, ta hagunsa nake tsayawa mu gaisa.